Shekarar da Aka Tone Sanya

Ranar da na fara wannan aiki, akuya ce ta ci amfanin wahalata. Ina faɗa muku haka ne don na ga yadda kuke shigowa gandun nan da wayoyinku, ku ɗauki hoton ganye, waya ta faɗa muku sunansa da Turanci, sannan ku dube ni kuna murmushi, wato me Baba Garba ya yi shekara da shekaru yana yi a daji in ba yawo ba. To, ku gyara zama.

Malam Isa Gandu ne ya koya mini. Ma'aikacin gandun daji ne a nan Kontagora, dogo, mai ƙarancin magana, kuma duk baƙon da ya zo daga jami'a ko daga ƙasar waje yana son sanin itatuwan ƙasar nan, gidansa ake kai shi. Ni a lokacin ba ni da aiki sai kaɗo wa matan unguwa ɗorawa. Ya gan ni a ƙololuwar wata bishiya, ya jira na sauko, ya ce, "Kai biri, kana son aikin da za a riƙa biyan ka don ka hau itace?" Na ce ina so. Ya miƙo mini buhu, ya ce in je bayan gari in samo masa ganye iri-iri.

Na tafi da hantsi, na dawo da la'asar, buhu cike, har da ƙafa na danna shi. Malam Isa ya kwance bakin buhun, ya leƙa, ya juye wa akuyarsa. Ya ce, "Ita ta gode. Gobe ka samo nawa."

Washegari ya bi ni da kansa. Ashe ba ganye ake tsinka ba. Reshe ake yankowa, da ganyensa, da furensa, da 'ya'yansa in akwai. Yakan ce ganye ba fure baƙo ne da ya ƙi faɗin garinsu. Kuma kafin ka ɗaga ƙafa daga gindin itacen, sai ka rubuta inda yake, ƙasar yashi ce ko laka, tsawonsa, launin furen tun bai bushe ya koma ruwan ƙasa ba, ƙamshinsa in ka murza shi, da sunansa a bakin duk wanda ka tarar a wurin: Bahaushe, Bakambare, Badukke, Bafillace. Uwata mutuniyar wajen Rijau ce, ina jin Dukanci, wannan ya sa na zama mai hawa kuma tafinta a albashi ɗaya.

Kayan aikinmu ba su da kwarjini. Katako biyu masu ramuka, tsofaffin jaridu, kwali, da robar cikin taya da ake ɗaurewa da ita. Ka shimfiɗa reshe a cikin jarida, ka juya ganye ɗaya ya nuna bayansa, ka rufe da kwali, ka matse. Da rani rana ta busar maka. Da damina kuwa sai ka jingina shi kusa da murhun gawayi kana canza jarida, in ka yi sakaci ka buɗe ka tarar da funfuna ta riga ka. Da fensir ake rubutu, don biro yana ganin ruwa zai tsere ya bar ka. Sai doguwar gora mai lauje a kai, ta reshen da ko biri ba ya kai wa. Ni dai a jikin waɗannan jaridu na kammala karatuna. Labarai sukan iso mini bayan shekara biyu ko uku, shi ya sa ban taɓa tayar da hankalina a kan siyasa ba. Kafin in ji an naɗa mutum, an riga an sauke shi.

Baƙi kuwa na ga iri-iri. Na ga wanda ya zo neman ciyawa kawai, ya wuce maɗaci ko kallo bai yi masa ba. Na ga wadda ta yi kuka don na taka wani naman kaza. A zamanin Malam Isa, baƙo zai zo ya cika akwatuna, ya ba mai gari goro, ya hau jirgi. In ya gano wani abu a can, sai dai ka ji a rediyo, in ma ka ji. Ba wanda ke tambayar kowa izini, mu ma ba mu san ana tambaya ba.

Bayan Malam Isa ya rasu na gaji katakonsa da baƙinsa. A cikinsu akwai biyu da labarin nan ya shafa. Ɗaya Dakta Hajara ce, malamar jami'a, 'yar ƙasar nan, mace mai takalmin sojoji da haƙurin dutse. Ɗayan Bature ne daga Turai, abokin aikinta, wanda muke kira Lafiya Lau. Hausar da aka koya masa a jirgi ke nan, kuma ya riƙe ta hannu biyu. Ina kwana, lafiya lau. Za ka ƙara tuwo, lafiya lau. Wata rana a hanyar Beri na ce masa cinnaku sun hau masa wando, ya ce lafiya lau, bai jima ba ya gane ba lafiya lau ba ce. Amma kada ku raina shi. Yana iya kallon gashin bayan ganye ta madubin hannu ya faɗa maka dangin itacen har na ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, kuma shi ya nuna mini cewa wasu itatuwa biyu da na daɗe ina kira da suna ɗaya ba ko 'yan uwa ba ne.

Ruwan sama ne ya kai mu gidan Kaka Ladi, a wani ƙauye bayan Dukku. Hadari ya taso mana muna daji, muka ruga gidan farko da muka gani, muka fake a ƙarƙashin rumfa kusa da rumbu. Tsohuwa ce ƙarama, mai ƙarfin murya, ta dawo daga coci ke nan da ɗankwalinta a jiƙe. Tana jin na gaishe ta da Dukanci ta ce, "Ashe mijina ne ya dawo. Ina tsarabata?" Tun daga ranar na zama mijinta, irin wasan kaka da jika.

Ta sa aka ɗebo dawa a rumbu za a yi mana kunu. Ana buɗe rumbun, wani ƙamshi ya bugo mu kamar an buɗe kwalbar man zafi. Dakta Hajara ta ɗebi dawar a tafin hannu tana juyawa, ta ce, "Kaka, ta bana ce?"

Kaka Ladi ta ce, "Ta bana tana gona. Wannan ta bara waccan ce."

Ko ƙwaro ɗaya babu. Ku da kuka taso da maganin feshi ba za ku gane abin mamakin ba, amma duk manomi ya san ƙwari suna cin rabonsu a rumbu ba tare da sun yi noma ba.

Tsohuwa ba ta ɓoye komai ba. Saiwar sanya ce, itacen nan mai fure shunayya da masu magani ke kira uwar magunguna. Takan tona gefe ɗaya kawai, ta yanki saiwa guda, ta mayar da ƙasa, ba za ta sake waiwayar wannan itacen ba sai ya manta da ita. Ta shanya, ta daka, ta kwaɓa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake daɓe da shi, da wani abu na uku da ba zan faɗa muku ba, ta shafe cikin rumbu da shi kafin a zuba hatsi. Haka uwarta ta yi, haka matan ƙauyen suke yi.

Ni har na zaro wuƙa zan kankaro kaɗan daga bangon rumbu in sa a leda, yadda muka saba. Dakta Hajara ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Malam Garba, wannan zamanin ya wuce." Ta bayyana mana cewa ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya: wanda zai ɗauki tsiro ko sanin mutane ya kai wata ƙasa ya yi bincike, sai ya nemi yardarsu tukuna, da ta gwamnatinsu, kuma in abin ya haifi riba, da su za a ci. Na juya wa Kaka Ladi da Dukanci. Ta ce, "Wannan ai ba sai ƙasashe sun taru ba. In maƙwabciya ta aiko maka da abinci, ba ka mayar mata da kwano wayam."

Sai da muka yi ta sintiri kafin a ɗauki ko ƙwayar garin haɗin. Aka zauna da mai gari, aka zauna da mata daban don a gaban maza ba sa magana, aka jira takardar gwamnati har na cire rai. Daga ƙarshe aka yi dangwale, aka ba Lafiya Lau garin da bai cika gwangwanin madara ba, rabi kuma ya zauna a jami'ar Dakta Hajara. Suka tafi. Na ce aiki ya yi kyau.

Direban da ya kai su filin jirgi shi ya dawo ya zauna a teburin mai shayi a tasha, ya ce da idonsa ya ga an ba gwangwanin nan kujera shi kaɗai a jirgi. Kafin labarin ya fita daga tasha, Turawa suna sayen saiwar sanya da sikeli. Kafin ya kai Beri, da ita ake yin maganin tsufa. Ya isa Auna an ce man jirgin sama ake tacewa daga cikinta, kuma wakilin Bature a ƙasar nan shi ne Garba mai ganye.

Wannan ita ce muguwar shekarar. Mutane suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Ba gefe ɗaya suke tonawa ba, itacen suke tumɓukewa gaba ɗaya su bar rami. Daga bayan Dukku har gangaren Auna, duk inda na san sanya tana tsaye, na je na tarar da rami da busasshen reshe. Buhuna suka taru a tashar Kontagora, tasha ta ɗauki ƙamshin man zafi, 'yan kamasho suna kiran fasinja suna atishawa. Kullum da safe in na buɗe ƙofa sai in ga mutane zaune a kan buhunansu, suna gaishe ni da ladabin da ban saba da shi ba. In ce musu ba mai saye. Su yi dariya su ce, "Malam Garba, mun san ciniki. Faɗi naka farashin." Duk rantsuwar da na yi, sai ta ƙara tabbatar musu cewa ina so in karya kaya ne in saye da arha.

Da damina ta yi nisa, ba Bature ba sikeli, sai ladabi ya ƙare. Ranar kasuwar Auna na shiga da katakona a baya, zan sayi robar ɗauri, sai na ji wani ya ce, "Ga wakilin nan." Kafin in juya an kewaye ni. Wani dattijo ya riƙe mini riga, ba ya ko ɗaga murya, ya ce, "Ɗana, ban yi wa gonata maimai ba saboda kai. Me zan ba iyalina?" Da na ga samari sun fara duban ƙasa suna neman abin jifa, na bar masa rigar na tuna da sana'ata ta farko. Na haye katangar wani shago, na faɗa wurin wani tela da ban taɓa gani ba. Ya tura ni ƙarƙashin tebur, ya jibga mini yadin makaranta, ya ci gaba da taka kekensa. Da suka leƙo ya ce, "Ku yi a hankali da ƙura, kayan mutane ne." Na tsira, amma katakon Malam Isa ya faɗi a wajen katanga, kuma na ji an dafa shayi da shi. Na sa kafinta ya yi mini wani. Har yau ba ya matsewa kamar wancan.

Nawa mai sauƙi ne. Ardo Bello, wanda rugarsa ke tsakanin Beri da daji, saniyarsa mai ciki ta faɗa ramin sanya ta karye, sai yanka ta aka yi. Kaka Ladi kuwa matan ƙauye suka daina amsa mata gaisuwa, wai ita ta sayar da asirin iyayensu ta jawo aka ƙare itacen. Da lokacin girbi ya zo ta fita neman saiwa, ta yini tana tafiya, ta dawo hannu biyu. A shekarar ba rumbu ɗaya da aka shafe a ƙauyen.

Ni na koma sayar da rake a bakin makaranta, da hula har ido. Da na ga abin ba zai mutu da kansa ba, na kira Dakta Hajara na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Mun nemi izinin ƙauye ɗaya, mun manta daji ba na ƙauye ɗaya ba ne. Muna zuwa."

Suka zo ita da Lafiya Lau. Kafin a yi kowane taro na zaga da su daji. Baturen nan ya tsaya a bakin wani rami, ya ɗauki busasshen reshe yana juyawa. Wani manomi da ke wucewa ya ce masa, "Bature, ya ka ga dajin?" Ya ce, "Ba lafiya." Ban san inda ya samo wannan "ba" ɗin ba.

A Beri aka yi taron, a gindin wata ɗorawa, don ita ce tsakiya. Mutanen Dukku suka zo da mai garinsu da fastonsu, na Auna suka zo da liman, Ardo Bello ya zo da sandarsa, ga wani jami'i daga gwamnati yana ta share gumi. Ni ina tsakiya ina juya magana daga Turanci zuwa Hausa zuwa Dukanci, kuma kowane ɓangare yana zargin ina rage masa gishiri.

Dakta Hajara ta fara da abin da ba a so a ji. Ba mai sayen buhu, ba a taɓa yin sa ba. Gwaji ya nuna haɗin matan Dukku yana korar ƙwari, har wani kamfani a can yana so ya gwada yin maganin rumbu da shi wanda ba ya cutar da mai cin hatsi. Amma hanyar doguwa ce, tana iya ɗaukar shekaru, tana iya ƙarewa ba komai. In ta haifi wani abu, akwai rabo.

Kalmar rabo kawai aka ji. Malam Tanko, mai magani a Beri, ya miƙe ya gyara rawani. Ya ce, "Uwar magunguna ake ce mata. Kakana da ita ya yi aiki. Yau kuma uwa ta zama ta mutanen Dukku su kaɗai, mu 'ya'yan riƙo ne?"

Wani daga Auna ya ce ai kowa ya san sanyar Auna ta fi ƙamshi, in rabo za a yi a bi ƙamshi. Mai garin su Kaka Ladi ya ce su suka yi dangwale, yatsunsu ne suka yi baƙi. Ardo Bello ya jira kowa ya gaji, ya ce, "Ni shanuna ba su san yarjejeniya ba, rami suka sani. A fara da rami."

Ana cikin haka Kaka Ladi ta taso daga wajen mata da ƙwarya a rufe da faifai. Ta zo tsakiyar tabarma, ta ce mini, "Mijina, matsa." Ta juye ƙwaryar. Dawa ce, rabinta ta zama gari, ƙwari suna ta gudu a kan tabarma har jami'in gwamnati ya ɗage ƙafa. Ta yi magana da Hausarta ta can, ba ta jira tafinta ba. Ta ce, "Ni na riga na karɓi rabona, ga shi nan. Ku ci gaba da naku. In kun gama, wani ya raka ni inda zan sami saiwa ɗaya."

Ba wanda ya tashi, don ba wanda ya san inda zai raka ta. Malam Tanko ne ya fara magana, a hankali. Ya ce shi ma wata uku ke nan yana sallamar masu ciwon kai da haƙuri.

Ba a gama a ranar ba, kada in yi muku ƙarya. An sake zama, an sake faɗa, sau ɗaya har fasto da liman suka haɗu suka raba mutanensu. Amma abin da aka tsaya a kai shi ne, haɗin na matan Dukku ne, da sunansu za a san shi, ba mai ba da shi sai su. Itacen kuwa na duk wanda ke zaune a dajin ne, har da shanu. Kamfani ba zai taɓa saiwar daji ba, sai wadda aka shuka. Kuma kafin a san ko za a ci riba ko ba za a ci ba, kamfanin ne zai ɗauki nauyin cike ramuka da kafa gandun renon sanya. Lafiya Lau ya yi ta waya da mutanensa yana ja da baya yana dawowa, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, har suka yarda. Gandun da kuke zaune a cikinsa ke nan. Aka ce wa zai riƙe shi, Ardo Bello ya nuna ni da sanda ya ce, "Wakilin Bature." A ranar aka fara yi mini wannan suna da dariya.

Na zaci wahala ta ƙare, ashe sanya ba ta yafe ba. Ƙwallonta yana da fiffike ɗaya kamar fiffiken fara. Na tara daga 'yan itatuwan da suka tsira a kan duwatsu, na shuka a leda kamar mangwaro, na yi ta ban ruwa. Shiru. Wanda ya tsiro, ina dasa shi sai ya mutu. Damina ta wuce, wata ta wuce, ba abin da nake reno sai ciyawa. Mutane suka fara cewa itacen aljanu ne, ba ya yarda a shuka shi.

Dakta Hajara ce ta haɗa ni da wani mai irin aikina a arewacin Gana, Alhaji Sule, don su ma can sun taɓa ƙarar da tasu. Hausar zango yake yi, ni ina ta Kontagora, muka yi ta aika wa juna saƙon murya kowa yana dariyar ɗan uwansa. Shi ya ce in cire fiffiken, in jiƙa ƙwallon ya kwana, in sa a yashi ba a taki ba, kuma in nemi leda mai zurfi, don saiwarta doguwa ce, ba ta son a taɓa ta. Ya ce, "Kai kana ba ta abinci da yawa. Ita 'yar talakawa ce." Na bi maganarsa. Da safen da na ga layin farko ya fasa ƙasa, na zaga gandun nan ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na koya masa yadda muke kare dashe daga gara da toka. Da muka saba, ya ce in ɗan gutsura masa sirrin haɗin rumbu. Na ce, "Alhaji, ka hau mota ka zo bayan Dukku, akwai tabarma, akwai mata, ka zauna ka nema." Ya ce ashe an koya mini karatu.

Za ku tambaya ko mun yi arziki. Ku dubi takalmina. Maganin har yanzu yana hannun masu gwaji, shekara ta yi kyau su ce saura kaɗan, shekara ta ɓaci su ce saura kaɗan. Abin da ya iso dai ya iso: injin niƙa a ƙauyen su Kaka Ladi, rijiyar burtsatsen nan da muke ban ruwa da ita, wadda shanun Ardo suke sha a kwararonta, shi kuma 'ya'yansa suke hana awaki shiga dashe. 'Yan mata biyu daga ƙauyen suna karatun tsirrai a wurin Dakta Hajara. Kuma yanzu duk baƙon da ya zo da jaka yana tambayar sunan ganye, a Dukku ko Beri ko Auna, kafin a ba shi ruwa za a tambaye shi takardarsa. Na ga an zaunar da wani farfesa a kan turmi yana jiran mata su dawo daga gona.

Da dashen farko suka kai gwiwa, na ɗauki babur na je na ɗauko Kaka Ladi. Matan ƙauye sun daɗe da komawa gaishe ta, har suna cewa dama su ba su taɓa fushi ba. Duk hanya tana riƙe da rigata tana ce mini miji marar hankali, zan kashe ta in auri yarinya. Da muka shigo nan ta sauka, ta tsaya tana kallon layukan leda. Ta tsuguna, ta murza ganye ɗaya, ta kai hanci.

Ta ce, "Ita ce. Tun da nake ban taɓa ganin ta tana jaririya ba."

Na ce ta zaɓi wadda take so. Ta bi layi tana dubawa kamar mai zaɓen kaza a kasuwa, ta wuce manyan, ta ɗauki wata 'yar ƙarama mai karkataccen wuya. Ta ƙi yarda in ɗaura ta a bayan babur, a cinya ta riƙe ta har gida. Ni na haƙa ramin a gefen rumbunta, ita ta yanke ledar da hannunta don kada in taɓa saiwar, ta sa jikokinta suka kewaye wurin da ƙaya.

Ina wanke hannu na ce, "Kaka, nan da 'yan shekaru kin huta da shiga daji. Ga saiwa a ƙofar ɗaki."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Wa zai tona? Ka je ka shuka na tonawa a can. Wannan ta kallo ce."